Lamarin wani magidanci da matarsa: matsalar shimfiɗa da ashe tun da rana take farawa

Mutumin shekarunsa 46, matarsa 35, aurensu ya haura shekara 13, 'ya'ya huɗu, ƙaramar tana wata takwas ana shayar da ita. Na cire duk wani abu da zai sa a gane su, abinda ya rage shine lamarin kansa, kuma dama shi nake so a duba. Ni aikina a ɓangaren da ake bibiyar masu hawan jini da ciwon suga yake, mu ne muke zama da mara lafiya bayan likita ya gama rubutu muyi masa bayanin magani da yadda zai riƙa tafiyar da yininsa, to a irin wannan zaman ne ake jin maganganun da mutum bai iya faɗawa likita ba a ɗan lokacin da ya samu dashi.

Abinda ya kawo shi asibiti ba maganar shimfiɗa bace, a kati jiri da ciwon kai aka rubuta. Wani dare ne ya haɗiyi wani kafso na ƙarfin maza da abokinsa ya bashi, wai na ganye ne zalla babu kemikal ko ɗigo, ba'a yi awa ɗaya ba fuskarsa ta ɗau zafi, hanci ya toshe, kai kamar zai tsage, ya miƙe zai shiga banɗaki jiri ya kwashe shi sai da ya dafa bango, sannan abinda yafi tsorata shi yace hasken fitilar ɗakin ya koma masa shuɗi-shuɗi. Likita na jin wannan na ƙarshen ya ɗago kai ya kalle shi. Zafin fuska, toshewar hanci, ciwon kai da ganin shuɗi, duk sanannun alamomin sildenafil ne, wato sinadarin da ke cikin Viagra, wanda kamfanin Pfizer ya samu izinin sayarwa a Amurka a 1998 bayan tun asali don ciwon ƙirji na zuciya aka fara gwada shi. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha fitar da gargaɗi akan irin waɗannan magungunan ƙarfin maza da ake cewa na ganye ne, a kai su ɗakin gwaji a tarar an cusa sildenafil ko ɗan uwansa tadalafil a ɓoye. Matsalar ba wai sinadarin guba bane, matsalar baka san adadin da ka sha ba, kuma in aka yi rashin sa'a mutum yana kan maganin ciwon ƙirji irin na naitiret, haɗuwar biyun na iya faɗar da jini ƙasa warwas har a rasa rai.

Da aka auna shi jininsa 158/98, aka sake aunawa wata ranar bai wani sauka ba. Faɗin ƙugu a daidai cibiya santimita 109, alhali daga 102 likitoci suke ɗaukar namiji ya shiga layin haɗari sosai. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya zauna a jini cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ya fito 7.6, kuma daga 6.5 ake cewa ciwon suga ne. Shi bai taɓa sanin yana da suga ba. Hawan jinin kam ya sani, shekara biyu baya an faɗa masa an bashi magani, ya sha na 'yan makonni ya watsar saboda a majalisa an ce masa maganin hawan jini yana kashe namiji. Maganar nan akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta shi yasa take da wuyar kashewa, wasu tsofaffin magungunan irin na sa fitsari da irin su atenolol suna iya rage ƙarfin wasu mazan, amma akwai irin su losartan da ba'a san su da wannan ba, kuma shi hawan jinin da aka bari ba magani ɓarnar da yake yiwa jijiyoyin gaba tafi ta kowace ƙwaya. Abinda ya kamata yayi a lokacin shine ya koma yace likita a canza min, amma wa zai buɗe baki ya faɗi dalili?

Da na nemi ya bani labarin yininsa tun daga tashi har kwanciya, ga yadda yake. Aikin zama ne a ofis, daga kujera sai mota, daga mota sai wata kujerar, don bayan an tashi yana da wata 'yar harka ta gefe da yake leƙawa har wajen tara na dare. Karin safe ba kullum ba, rana lemon kwalba biyu ko uku da ɗan abin taɓawa, in barci ya dame shi da la'asar ya ɗora lemon ƙara kuzari, to sai dare ya zauna ya ci abincin yini guda a zama ɗaya wajen ƙarfe goma. Sigari kusan rabin kwali a rana tun yana saurayi, a mota yake sha, wai a ɓoye, matar tace ita tun satin farko na aure ta sani. Bayan cin abinci ya miƙe a kujerar falo da waya har ɗaya ko biyu na dare, ya tashi biyar da 'yan mintuna. Barcin awa huɗu kenan in an yi sa'a, kuma da minshari mai ƙarfi wanda a cewarta yakan yi shiru kamar numfashi ya tsaya sannan ya fizgo shi da ƙarfi.

Sai a zama na biyu ya faɗi ainihin abin, shima yana kallon ƙasa. Yace kusan shekara biyu kenan abin yana ja baya, da farko yana samun ƙarfi amma baya daɗewa, ana tsakiya sai ya saki, daga baya ma farawar ta zama aiki. Na tambaye shi da asuba fa, yana tashi ya tarar da ƙarfi kamar da? Yayi shiru yana tunani yace rabon da ya lura da hakan har ya manta. Wannan tambayar ba ta neman sani bace kawai, namiji mai lafiya yana samun miƙewa sau uku zuwa biyar a cikin barci ba tare da ya sani ba, a lokacin barcin mafarki, in wannan yana nan daram amma a gaban iyali ne abin ke ƙi, sai a fi karkata ga damuwa da fargaba, in kuwa shima ya ɗauke to akwai alamar jikin ne da kansa, ko jijiyoyin jini ko na saƙo ko sinadaran jiki, ko kuma barcin ne babu shi.

Mutane da yawa suna ɗauka ƙarfin namiji wani abu ne na tsoka ko na jarumta, alhali harkar jini ce daga farko har ƙarshe. In sha'awa ta motsa, jijiyoyin saƙo da fatar cikin jijiyoyin jini suna sakin wata iska mai suna naitirik oksaid, ita ke sa naman jikin jijiyar ya saki ya buɗe, jini ya kwararo ya cika gaban, cikar ta danne hanyoyin da jinin zai koma ta nan, shikenan ƙarfi ya samu. Gano aikin wannan iskar a jijiyoyin jini ne ya sa aka ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998, shekarar da ƙwayar Viagra ta fito kasuwa. To ita wannan fatar cikin jijiyar, hayaƙin sigari yana lalata ta, suga mai yawa yana lalata ta, hawan jini yana lalata ta, kitse yana lalata ta, mutuminmu kuwa duka huɗun ya haɗa, ga shi ciwon suga in ya daɗe har jijiyoyin saƙon yake taɓawa. Kuma jijiyoyin da ke kai jini gaba sirara ne, faɗinsu milimita ɗaya zuwa biyu, na zuciya kuwa uku zuwa huɗu, kamar dai bututun ruwa ne a gida, in datti ya fara taruwa ƙaramin shi zai fara toshewa tun babban bai nuna komai ba. Shi yasa likitocin zuciya suke ɗaukar raunin gaba a namiji mai irin wannan shekarun a matsayin gargaɗi, don sau da yawa yana riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru. Da aka yi masa wannan bayanin ne naga ya gyara zama, don har lokacin shi a ransa asiri ko tsufa yake zargi. Kuma ba shi kaɗai bane, binciken da aka yi a jihar Massachusetts ta Amurka aka wallafa a 1994 ya samu kashi 52 cikin ɗari na maza 'yan shekara 40 zuwa 70 suna da wani mataki na wannan matsalar, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani.

Amma ni inda lamarin yafi ɗaukar hankalina shine zaman falon nan na dare. Na ɗauka son waya ne kawai irin na kowa, sai da na matsa yace min, gaskiya jira nake tayi barci. Ashe tun daga ranar da abin ya fara bashi kunya ya tsiri wannan dabarar, in ya shiga ɗaki ta riga tayi nisa babu wanda zai nemi wani, babu jarabawar da zai faɗi. Kun ga yadda abin ya zagayo, rashin barci yana cikin abinda ya raunana shi, raunin ya sa shi gudun ɗaki, gudun ɗakin ya ƙara cinye barcin, ya tashi a gajiye ya nemi lemon kuzari da sigari, su kuma su ƙara ɓata jijiyar. A ranakun da ya daure ya gwada kuwa hankalinsa baya wajen matarsa, yana can yana sa ido akan kansa, zai tsaya ko ba zai tsaya ba, ya fara saki ne ko bai fara ba. Masters da Johnson, masu binciken nan na Amurka, tun a 1970 suka bayyana wannan halin na mutum ya koma ɗan kallon kansa a shimfiɗa. Kuma fargaba ba a zuciya kawai take tsayawa ba, tana sakin adirenalin, shi kuma aikinsa matse jijiyoyin jini, daidai kishiyar abinda ake buƙata a wannan lokacin. Don haka ko ranar da jikin zai iya, tsoron sai ya hana shi.

Matar ba shi ya kawo ta don wannan maganar ba, ta biyo shi ne don a yi mata bayanin abincin mai suga tunda ita ke girki. Da ya fita karɓar magani ta tsaya jim, sannan tace min, don Allah ciwon nan yana sa mutum ya tsani matarsa? Abinda ta tara a ranta shekara biyu shine, tun cikin nan na ƙarshe da jikinta ya canza ya daina sha'awarta, kuma wannan wayar da yake riƙewa har tsakar dare akwai wata a ciki. Ta taɓa ɗaukar wayar ta bincika bata ga komai ba sai labarai da bidiyon ƙwallo, maimakon hankalinta ya kwanta sai tace ai gogewa yake. Bata taɓa tambayarsa ba, shima bai taɓa faɗa mata ba, suna kwana a gado ɗaya kowa yana karanta jikin ɗan uwansa yana fassara shi da cewa ni aka ƙi.

Ita ma kuma tana da nata, wanda ko shi bai sani ba. Tunda ta haihu saduwa zafi take mata, ni'ima ta ɗauke, a 'yan lokutan da aka yi daurewa kawai take tana cije baki, shi kuma yana ganin yadda ta ƙanƙame jiki sai ya ɗauka gazawarsa ce ta ishe ta. Wannan bushewar ba ciwo bane kuma ba alamar ta daina son miji bace, mai shayarwa sinadarin da ke kawo nono, furolaktin, yana sama, shi kuma yana danne istirojin wanda shine ke sa fatar gaba tayi laushi da danshi, yawanci abin yana daidaita bayan yaye ko in al'ada ta dawo sosai. Ga barcinta a yanke, jaririya na tashinta sau biyu sau uku, ga minsharinsa, ga yara uku da za'a shirya da safe, ita kaɗai. Sannan babban abinda ta ɓoye, tsoron wani cikin. Shayarwa tana ba da kariya mai ƙarfi ne kawai in jariri bai wuce wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada bata dawo ba, tata kuwa ta wuce wata shida har ta fara cin abinci. Don haka a wani ɓangaren na zuciyarta in ya daɗe a falo har wani sauƙi take ji, sannan ta dawo tana jin haushin bai shigo ba. Mutum kenan.

Da izinin kowannensu aka haɗa su zama ɗaya, kuma ban ga amfanin in ƙawata shi ba, zaman bai yi daɗi ba. Ya daɗe yana kewaye-kewaye akan suga da jini kafin ya iya cewa, Maman yara ba wai bana sonki bane, abin ne yake ƙi, kunya ce ta sa nake zama a falo. Ita kuwa maimakon tausayin da yake jira sai faɗa, tace Abban yara shekara biyu ka barni ina zargin kaina ina zarginka, da ka faɗa min me zai faru? Yace ke ma ai baki ce min kina jin zafi ba. Haka dai, kowa da gaskiyarsa. Ni a ganina faɗan nan yafi shirun da suke ciki amfani nesa ba kusa ba, duk da a ranar sun fita ba mai kallon wani.

Abu na farko da ya nema shine allurar testosteron, wato sinadarin maza da jiki ke samarwa, don ya gani a intanet cewa ita ce maganin komai. Likita ya sa aka ɗibi jininsa da safe, tunda da safe sinadarin yake kai ƙololuwa kuma gwajin yamma yana ruɗarwa, ya fito a ƙasa-ƙasa amma bai fita daga iyaka ba. Likitan yace Malam ba za'a yi maka allura ba, kuma ya faɗa masa dalili. Mafi yawan testosteron a cikin barci jiki yake samar dashi, a wani gwaji da aka yi a Jami'ar Chicago aka wallafa a 2011, samari lafiyayyu da aka taƙaita musu barci zuwa awa biyar na mako guda, nasu ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, to ina ga mai shekara 46 da ya yi shekara da shekaru akan awa huɗu. Sannan kitsen tumbi ba a zaune yake kawai ba, yana ɗauke da wani sinadari da ke juya testosteron ya koma istirojin. Ita kuma allurar in an yi wa wanda bai cancanta ba, jiki sai ya rage yin nasa, ƙwayoyin maniyyi su ragu sosai, jini yana iya yin kauri, kuma tana iya tsananta ɗaukewar numfashi a barci wanda dama ake zargin yana dashi. Bai ji daɗi ba, don allura ɗaya tafi sauƙi akan a ce ka canza yininka gaba ɗaya.

Tsarin da aka ɗora shi akai ba wani abin mamaki a ciki. Metformin don suga, losartan don jini, da maganin rage kitsen jini bayan an ga sakamakon gwajinsa. A daina lemon kwalba da na kuzari, a raba abincin nan na dare a dawo da mafi yawansa rana, tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti talatin kwana biyar a mako, wanda shine minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa shine mafi ƙarancin abinda baligi yake buƙata. Waya ta kwana a falo, shi ya kwana a ɗaki kafin sha ɗaya. Ita kuma aka tura ta ɓangaren tsarin iyali ta zaɓi hanyar da ta dace da mai shayarwa, aka ce ta samu man saduwa mai ruwa-ruwa na kemis, ba man shafawa ko wani haɗe-haɗe da zai ƙona ta ko ya kawo mata infekshan ba, kuma in zafin bai tafi ba ta dawo a duba ta.

Inda muka samu saɓani tsakaninmu ma'aikata shine maganar ƙwayar. Wata abokiyar aikina tana ganin kar a bashi sildenafil yanzu, don in ya samu abinda yake so a sauƙaƙe ba zai taka ƙafa ko ya bar sigari ba, kuma ba zan ce bata da hujja ba, mun ga irin haka. Likitan kuwa yana ganin tunda an duba zuciyarsa babu abin tsoro a yanzu, baya shan naitiret, jinin ma ya fara sauka, a bashi na asali da adadin da aka sani, don in aka hana shi ba haƙura zai yi ba, wajen abokin nan mai kafso zai koma. Ni ina bayan likitan, da ƙarin dalili ɗaya, mutumin da tsoron faɗuwa ya kore shi daga ɗakinsa yana buƙatar ya ga abin ya yiwu ko sau biyu ne kafin ya yarda akwai abinda ya cancanci wahalar tafiyar ƙafa. An bashi, aka yi masa bayanin cewa bata kawo sha'awa da kanta sai in sha'awar ta motsa, ana shanta kamar awa ɗaya kafin lokaci, abinci mai maiƙo yana jinkirta aikinta, ba'a wuce sau ɗaya a yini, kuma in ƙarfi ya wuce awa huɗu bai kwanta ba asibiti za'a nufa a daren ba sai gari ya waye ba.

Amma kafin ma a kai ga ƙwayar an ce su yi makonni kaɗan suna kwanciya tare da wuri ba tare da niyyar saduwa ba, hira, taɓa juna, tausa, in sha'awa ta zo ta zo in bata zo ba babu wanda ya faɗi. Wannan dabarar ma daga su Masters da Johnson ta samo asali, manufarta a cire jarabawar daga cikin lamarin. Shi dariya ya yi da farko yace wannan ai wasan yara ne. Ita ce tafi amfana, tace rabon da ya taɓa ta ba don yana neman wani abu ba ko yana tsoron wani abu tun kafin cikin nan. Akwai wata likita a Kanada, Rosemary Basson, da ta yi bayani a shekarar 2000 cewa mata da yawa, musamman a auren da ya daɗe, sha'awarsu bata faɗowa haka kawai daga sama, tana biyo bayan kusanci da natsuwa ne, sai an fara sannan take tasowa. Matar da aka tashe ta sau uku da dare, ta yini a tsaye, sannan a taɓa ta ƙarfe ɗaya na dare a ce ina sha'awar, ba'a yi mata adalci ba. A nan ne aka kawo maganar ya karɓi shirya yara biyu manyan da safe, da wankan ƙaramin da yamma a ranakun da ya dawo da wuri, don ta samu ko awa ɗaya ta ƙari. Wannan yafi tafiyar ƙafar yi masa nauyi, ya yi na ɗan lokaci ya saki, ta yi magana ya koma, har yanzu dai ja-in-ja ake.

Wata uku na farko babu wani canji a ƙarfinsa in ba da ƙwaya ba, har ya fara cewa an yaudare shi. An faɗa masa tun farko cewa jijiyar da aka shekara ashirin ana ɓatawa bata gyaruwa a wata uku. A binciken da Esposito da abokan aikinta suka yi a Napoli ta Italiya aka wallafa a 2004, maza 110 masu ƙiba da raunin gaba aka raba gida biyu, waɗanda aka ɗora akan rage ƙiba da motsa jiki kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka dawo daidai, kuma bayan shekara biyu, sannan su basu da suga ko hawan jini ma. Wato abin yana aiki amma ba ga kowa zai dawo tas ba, kuma ba da wuri ba. Na fi son a faɗawa mutum haka da a yi masa alƙawarin zai koma ɗan shekara ashirin da biyar.

Abinda ya fara canzawa barci ne. Da ya daina lemon kuzari da yamma ya koma kwanciya sha ɗaya, ya samu awa shida, wajen wata na huɗu yace ya fara ganin ƙarfin asuba jefi-jefi, kuma yadda ya faɗe shi kamar wanda aka yiwa albishir. Minsharin ya ragu da tumbin ya ɗan sauka amma matar tace har yanzu numfashin yana tsayawa wani lokacin, an rubuta masa gwajin barci don a tabbatar ko yana buƙatar na'urar CPAP mai tura iska ta hanci, yana ta ɗagawa, yau aiki gobe tafiya. Sigari kuwa ya bari na mako shida, aka samu wata rigima a wajen aiki ya koma, yanzu yana kan kara uku zuwa huɗu a rana yana cewa ai ya rage. Ragewar ba laifi amma a harkar jijiyoyin jini ko 'yan karan nan ɓarnarsu ba kaɗan bace, an sake yi masa tayin abin mannawa na nikotin yace zai yi tunani.

A wata na goma ƙugunsa 101, jini yana yawo wajen 132/84, HbA1c ya sauko 6.7. Yana amfani da ƙwayar wani lokacin, wani lokacin babu ita kuma abin ya yiwu, wani lokacin ya ƙi, bambancin shine yanzu in ya ƙi baya tashi ya koma falo, ita ma bata juya baya ta kwana tana lissafi. Ta yaye yarinyar, bushewar ta ragu sosai, man ma ba kullum take buƙatarsa ba. Wayar tana komawa ɗaki a wasu dararen, tace in ta ga haka ta san akwai abinda ke damunsa a wajen aiki, sai ta tambaya. Zuwansa na gaba akwai gwajin ƙoda da duba idanu da ake yiwa duk mai suga, kuma likita yace wannan karon ba zai sabunta masa takardar sildenafil ba sai ya zo da sakamakon gwajin barcin a hannu.